Ƙuri'ar Kalista

Ranar da Kalista Marinos ta fara ganin Lopeti, da ƙwallo ya yi mata sallama, a tsakiyar baya kuwa.

Yammacin wata Talata ce cikin Fabrairu, zafi ya gasa garin Tarrawil har kwalta tana kama takalmi. 'Yan matan kulob ɗin ƙwallo na Kwasakwasa suna atisaye a rabin fili, maza a ɗaya rabin. Kali, kyaftin ɗin mata, tana cikin yi wa wata sabuwar 'yar wasa faɗa kan yadda take riƙe ƙwallo kamar an ba ta jaririn maƙwabta, sai ta ji tim! a bayanta.

Ta waiwayo a hankali. Wani ƙato ne ke tahowa da sassarfa, kafaɗunsa kamar ƙofar gareji, yana murmushi irin na wanda bai san wutsiyar wa ya taka ba.

"Yi haƙuri, ƙafar ce ta kufce."

Ta dube shi daga takalmi har gashi, ta sake saukowa, ta taɓe baki.

"Kai ne wanda Koci Des ya kwaso daga Robinvale?"

"Ni ne. Lopeti Moala."

"Ban tambaye ka suna ba. Sanduna huɗu aka kafa maka a can, ka rasa inda za ka aika ƙwallo sai bayana? Ka koma wasanku na rugbi mana, can ake neman ƙarfi ba tare da tunani ba."

Murmushinsa bai ragu ba ko kaɗan.

"An ce min a garin nan akwai abin da ya fi sanduna tsawo, wai hancin 'yar shugaban kulob. Shi na auna, iska ta kwashe."

'Yan matan suka fashe da dariya, Kali ta harare su suka haɗiye ta. Ta ɗauki ƙwallon, ta ja da baya, ta doka ta daga nan inda take tsaye. Ƙwallo ta yi sama tana juyi, ta ratsa tsakanin manyan sandunan nan biyu na ɓangaren maza.

"Haka ake yi, Katako."

Ya tafa mata a hankali, tafin rainin hankali.

"Ba laifi, Gimbiyar Lemo. Da yake iska tana bayanki."

Raini a gidan Marinos gado ne, kamar gonar lemo. Mahaifinta Manolis, shugaban kulob, ya yi kyaftin ɗin Kwasakwasa a zamanin da ake wasa da karyayyen hanci ba a fita daga fili, kuma tun daga lokacin bai ƙara ganin ɗan wasan da ya cika mutum ba. Ya raina alƙalan wasa, ya raina garin da ke ƙetaren kogi, ya raina lemon kowa in ba nasa ba. Kali ta kwaso halin kaf, har ta ƙara da nata. Samarin Tarrawil sun daɗe da daina gwada sa'arsu, domin wanda ya ce mata ta yi kyau sai ta tambaye shi ko likitan ido ya rufe shago ne.

Da kakar wasa ta kankama, duk Asabar in mata sun gama nasu da safe, sai ta tsaya jikin shinge da burodi da tsiran nama a hannu tana kallon maza. Ta ce kurakuransu take dubawa. Amma duk sanda Lopeti ya tashi sama, ya dafa kafaɗar abokin hamayya da gwiwa ya cafke ƙwallo a iska, fili ya ɗauki ihu, sai ta ga ta matse burodin har miya ta zubo mata a hannu.

"Sa'a ce," in ji ta ga duk wanda ya kalle ta.

Cikin Yuni injin ban ruwa na gonarsu ya tsaya cak, kamfanin gyara kuwa Lopeti ya turo, domin aikin lantarki ne sana'arsa. Manolis ya nuna masa ɗakin injin da haɓa, ko sannu bai ce ba. Sanyi yana cin yatsu. Kali ta daɗe tana leƙe ta taga, daga baya ta haɗa kofi ta kai masa, ta dangwarar a kan durom.

"Ba don kai ba ne. Kada ka daskare a gonarmu ka ja mana 'yan sanda."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Gimbiyar Lemo, kofin nan naki ɗaci kamar bakinki. Gobe ma zan zo duba injin, ko da lafiyarsa ƙalau."

Ta karanta, ta yi tsaki, ta ajiye wayar. Ta sake ɗauka.

"Katako, injin ya fi ka amfani, shi dai yana kai ruwa inda aka aike shi. Da hantsi Baba zai tafi kasuwa."

Haka abin ya fara. Injin da bai taɓa ciwo ba ya zama kullum sai an duba shi. Suna zagin juna a fili a gaban mutane, suna haɗuwa a bakin kogin Murray a bayan idonsu, kan wata tsohuwar gadar katako da masunta suka bari.

Ranar da mata suka faɗi a wasan kusa da na ƙarshe, Kali ce ta ɓarar da bugun da zai kai su wasan ƙarshe. Ba ta yi kuka a fili ba, ba ta yi a ɗakin canja kaya ba. A kan gadar nan ya same ta, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Ya zauna gefenta har sai da ta ɗago.

"To, faɗi mana. Ka ce iska ba ta bayana yau."

"Ba zan ce ba."

"Me ya hana ka?"

"Saboda in kina kuka ba ki da daɗin tsokana, zuciyata ce ke ciwo." Ya share mata kunci da babban yatsansa. "Kali, kin ɗauki 'yan matan nan a wuya tun Afrilu. Bugu ɗaya ba ya goge wannan."

"Kada ka yi min kirki, ban saba ba."

"Za ki saba. Ina da lokaci, kuma ba inda za ni."

Ta jingina kanta a kafaɗarsa, ta ce a hankali, kamar mai amsa laifi a kotu, "Ina sonka, Katako. Kuma haushin kaina nake ji."

"Ni ma ina sonki, Barkonona. Ki ci gaba da jin haushin, yana miki kyau."

Tarrawil ƙaramin gari ne, in ka yi atishawa a gidan mai sai a ce maka sannu a gidan waya. Kafin liyafar rufe kakar wasa labari ya isa kunnen Manolis. Ya tare ta a rumfar tattara lemo, a gaban yayanta Stelios.

"Ɗan tsinkar lemo? 'Yata? Uwarsa fa a irin rumfar nan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana cika wa mutane kwali. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, Kalista. 'Ya'yan Girkawa irinmu masu gonakin inabi sun cika garin Mildura, ki rasa wanda za ki kwaso sai mai gyaran waya?"

"Baba, 'ya'yan Girkawan naka ko ƙwallo aka jefa musu sai sun kira uwarsu ta kama musu."

"In dai ina numfashi, yaron nan ba zai zauna a teburina ba."

Stelios yana ta juya lemo a hannu. Shi abin da ke ransa daban ne. Kyaftin ɗin maza, Brodie, gwiwarsa ta ƙare, ya ajiye wasa. Stel ya taso yana ganin hoton ubansa a bangon ɗakin taron kulob, ya kuma ɗauka gurbin da ke ƙasan hoton nasa ne tun ranar haihuwa. Sai ga shi 'yan wasa sun fara ambatar sunan Lopeti.

Kali ta san gaskiya, ko ba ta faɗa. Stel ɗan wasa ne mai kyau, amma in an ci su sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya yi wa ƙananan yara tsawa har su rasa inda ƙwallo take. Lopeti kuwa bakinsa ba ya raga wa kowa, amma shi ne ke tsayawa bayan atisaye yana koya wa sababbi, shi ne ke ɗauko waɗanda ba su da mota.

Da Fabrairu ya zagayo 'yan wasa suka kaɗa ƙuri'a, aka yi kunnen doki. Dokar kulob ta ce in haka ta faru mutum uku ne ke raba gardama: shugaba, koci, da kyaftin ɗin mata. Ba wanda ya yi shakkar inda Manolis zai jefa tasa. Koci Des ma bai ɓoye cewa Lopeti yake so ba. Gari gaba ɗaya ya juyo yana kallon Kali. A shagon burodi ana cewa jini ya fi ruwa kauri, a gidan mai ana cewa ai so hana ganin laifi.

Ita kam ta riga ta yanke. Lopeti za ta zaɓa, Baba ya yi ta tsalle.

Ana gobe zaman, ta shiga kantin kulob ɗaukar ruwa, ta tarar da Brielle mai tsaron kantin tana jera kwalabe. Brielle ta shekara tana kai wa Lopeti ragowar fanke kyauta, yana karɓa yana raba wa yara. Ta yi wa Kali murmushi mai zaƙi kamar ruɓaɓɓen inabi.

"Kali, ni dai ba na son gulma."

"To ki rufe bakinki, kin ga an huta."

"Ƙanena yana cikin zauren hirar 'yan wasa a waya. Na ga dai bai kamata a mayar da ke abin dariya ba."

Ta miƙo wayar. Wani ɗan wasa ya rubuta: "Lope ka more, ƙuri'ar gidan Marinos tana aljihunka." A ƙasa ga amsar Lopeti, da sunansa da hotonsa: "Shekara guda ina noma gonar nan, yanzu lokacin girbi ne." Sai fuskokin dariya rututu.

Kali ta karanta, ta mayar mata da wayar, fuskarta ko gezau.

"Na gode. Ki goge maiƙon da ke kan gilashin, ƙazanta ce."

Ta shiga mota ta rufe ƙofa. Ita Kalista, da ta raina samarin gari kaf, ita ce aka noma kamar gonar dankali, maza suna dariya. Kofin nan, gadar nan, yatsan da ya share mata hawaye. Wayarta ta yi ƙara, sunan Lopeti ya fito, ta kife ta.

Washegari aka zauna a ɗakin taro, 'yan wasa suna jira a waje kan ciyawa. Manolis ya ce Stelios, ya kuma kawo tarihin gidansu tun daga jirgin ruwan da ya kawo ubansa ƙasar nan. Des ya ce Lopeti, a taƙaice. Suka dube ta.

"Stelios," in ji Kali.

Des ya cire tabarau ya kalle ta, kallon da ya fi mari zafi.

"Kin tabbata? Don ƙungiya kika faɗa?"

"Ka tambaye ni suna, na ba ka. Ba ka tambaye ni wa'azi ba."

Da aka sanar a waje, Lopeti ne ya fara tafi. Ya je ya rungumi Stel, ya ce, "Kyaftin, sai dai ka rage ihu, kunnuwanmu na haya ne." Aka yi dariya. Sannan ya bi Kali wurin ajiye motoci.

"Barkono, tun jiya nake kira."

"Yaya girbi? Ya yi albarka?"

Ya tsaya cak. Ta ga fuskarsa ta canja, ta jira ya ce ƙarya ne, ko wani ya ɗauki wayarsa.

"Ni na rubuta," in ji shi. "Suna ta tsokanata, na so in fi su baki. Wauta ce, kuma ƙazamar wauta. Ba ki cancanci haka ba."

"Au, har ka amsa?"

"Me zan musa? Amma ki kalle ni ki ce kin yarda don ƙuri'a na shekara ina shan kofin nan naki."

"Abin da na yarda da shi, Baba ya yi gaskiya. Tafi ka nemi wata gonar."

Ta ja mota ta bar shi cikin ƙura.

A lissafinta magana ta ƙare. Wanda ya zo don kujera, in kujera ta kufce sai ya kama gabansa, wataƙila ma ya koma Robinvale inda ake ta zawarcinsa. Amma Lopeti bai tafi ba. Duk Talata da Alhamis yana fili kafin kowa. Kuma duk safiya saƙo yana shigowa.

"Barka da safiya, Gimbiya. Ba ki da sauran ƙuri'ar da za ki ba ni, amma ga ni."

Ba ta amsa ba.

"Yau na wuce ta gonarku. Injin yana gaishe ki. Ya ce mu biyun duk kin yi watsi da mu."

Ba ta amsa ba.

"Kyaftin abu ne na shekara ɗaya, Kali. Ke nake nema ta dindindin. In kin gama hukunta ni ki faɗa, in ba ki gama ba ki ci gaba, na ci laifin."

Wannan ta karanta shi a tsaye cikin layin lemo, ta zauna a kan kwali ba ta sani ba.

A fili kuwa abubuwa sun dagule. Kwasakwasa suka faɗi wasanni a jere. Stel yana ihu, yara suna rikicewa, Lopeti yana bin bayansa yana lallashinsu ba tare da ya taɓa yi masa musu a gaban mutane ba. Wata Asabar bayan garin ƙetaren kogi ya lallasa su, Stel ya shigo kicin ya jefar da jakarsa.

"Kin san sunan da suke kirana daga bakin shinge? Kyaftin ɗin ƙanwarsa."

"To ba ka samu abin da kake so ba?"

"Na samu. Amma kin san ba don na fi shi kika zaɓe ni ba, ni ma na sani, Des ya sani, karen gidan mai ma ya sani. Da ni kika rama faɗanki, Kali. Shi kuma mutumin da kika wulaƙanta, yau shi ya tsaya tsakanina da 'yan wasa da suka so su yi min bore. Ya ce kyaftin ɗaya ake yi a lokaci ɗaya." Ya ɗauki jakar. "Kin raina kowa a garin nan. Ki gwada madubi."

Ya fice ya bar ta a kicin. Ta ɗauki waya ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Katako, kai wawa ne. Ni kuma na fi ka. Na zalunce ka, na zalunci ƙungiya. Ina kan gada."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Ina hanya. Kada ki yi kuka kafin in zo, aikina ne sharewa."

Suka shirya a kan gadar, da kuka da dariya da zagi kaɗan. A nan ya ce zai aure ta, ta ce sai ta yi tunani, ta yi tunanin na tsawon numfashi ɗaya. Sai ya sosa ƙeya.

"Saura Mama. Ita fa ba ta yafe ba."

Ranar Lahadi bayan coci Kali ta je gidansu da kwandon lemo mafi kyau a gonar. Uwarsa Sela Moala tana zaune a baranda da matan cocinsu, suna naɗe nama da madarar kwakwa cikin ganyen gwaza. Mace ce mai jiki da kwarjini, ta dubi Kali daga sama har ƙasa, irin kallon da Kali ta saba yi wa mutane.

"Anti Sela, ina wuni. Na zo ne in ba da haƙuri."

"Wace ce wannan?" Sela ta tambayi ta kusa da ita, kamar Kali ba ta wurin. "Au, mai ƙuri'a. Ajiye lemon can, na tsinki irinsa har yatsuna suka kumbura, ba ya burge ni." Ta ci gaba da naɗi. "Ɗana ya yi wauta, na ja masa kunne har ya durƙusa. Amma ke kin ɗauki fushin ɗaki kin kai kasuwa, kin kunyata shi a gaban gari. Yarinyar da ba ta iya riƙe fushinta kwana ɗaya ba, ita za ta riƙe gida? Je ki gaya wa ubanki hankalinsa ya kwanta. Ko ya kawo ki a faranti, ba ma so."

Kali ta koma gida idanu jawur. Manolis yana kan tebur yana cin zaitun.

"Ka huta, Baba. Ba sai ka hana ba. Uwarsa ta ce ko a faranti ka kai ni ba sa so."

Zaitun ya tsaya a hanya.

"Ta ce me?"

"Ta ce ban isa in shiga gidansu ba."

"Ba ki isa ba? 'Yar Manolis Marinos? Kyaftin? Wadda ke doka ƙwallo daga tsakiyar fili?" Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ni ne zan ce ba na so! Ita wace ce da za ta riga ni? Ina makullin mota?"

Kali da Stel suka bi shi a guje. Ya tsaya a ƙofar gidan Moala da rigar gona, matan coci suka gyara zama kamar an kunna musu talabijin.

"Ke ce kika ce 'yata ba ta isa ba?"

"Ni ce. Kai ne ka ce ɗana ɗan tsinkar lemo ne?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ba. Shi kuma ubanka da ya sauko daga jirgi da akwati ɗaya, likita ne? Inabin Turawa ya tsinka, yana kwana a rumfar kwano, suna kiransa sunayen da ba zan maimaita ranar Lahadi ba. Tsofaffin garin nan ba su mutu duka ba, Manolis."

Manolis ya matso gaba. Wuyansa ya yi ja.

"'Yata ta fi ƙarfin ɗanki!"

"To riƙe abarka."

"Ba zan riƙe ba! Sai ya aure ta, in ga wanda ya isa ya ce ba ta isa ba!"

"A cocinmu."

"A namu!"

"Duka biyun. Kuma abinci nawa ne, ba zan bari a kashe baƙi da ganye da cuku ba."

"Rago nawa ne! Ba mai gasa rago a bikin 'yata sai ni!"

"Mun ji, mun karɓa," in ji Sela, ta koma kan naɗinta. Kali ta hango gefen bakinta yana motsi, ta kuma ga Lopeti a bayan labule ya toshe baki da hannu biyu. Sai da suka kai rabin hanyar gida Manolis ya rage gudu, ya dubi titi.

"Matar nan," in ji shi, "anya ba wayo ta yi min ba?"

Kali da Stel suka kalli juna.

Kwasakwasa ba su kai ko'ina ba a kakar nan, amma sun ci wasanninsu na ƙarshe, Stel ya koyi rufe baki ya saurara. Da aka zo maganar shekara mai zuwa Kali ta sa aka gyara doka, aka cire duk mai dangi ko masoyi cikin 'yan takara daga raba gardama. Ta ce ita ta gama zaɓar wa maza shugaba, su je su ƙarata.

Aka ɗaura aure cikin Nuwamba, lokacin da furen lemo ya gama zuba. Da safe a cocin Girkawa aka ɗora musu kambi biyu haɗe da zare ɗaya, Stel ne ya tsaya a bayansu yana musanya su. Da rana a cocin mutanen Tonga, ƙasar su Lopeti ta asali, Sela da kanta ta ɗaura wa Kali lallausar tabarmar da suka gada a ƙugu, ta ja igiyar da ƙarfi, ta raɗa mata, "Kakata ce ta saƙa. In kika zuba mata kofi, ni da ke ne." Sannan ta sumbace ta a goshi, ta daɗe ba ta sake ta ba.

A filin ƙwallo aka yi walima, an jera tebura daga wannan sanduna zuwa waɗancan. Hayaƙin rago ya haɗu da ƙamshin kwakwa. Manolis ya miƙe da kofi a hannu, ya yi gyaran murya.

"Yaron nan bugunsa na hagu abin kunya ne," in ji shi. "Amma an kayar da shi bai gudu ba, an ba shi 'yata bai tsorata ba. Ban san wani namiji a garin nan da zai iya ko ɗaya ba." Ya yi tari ya ɗora wa hayaƙi laifi. "Zo nan, ɗana. Kujerarka tana kusa da tawa."

Lopeti ya je, suka rungume, Kali ta sunkuyar da kai tana goge ido da gefen mayafi.

Sai matan cocin Sela suka miƙe cikin fararen kaya suka ɗauki waƙar albarka, muryoyinsu suka cika fili har ƙetaren kogi. Tsofaffin Girkawa ba su san kalma ɗaya a ciki ba, amma suka tashi tsaye suna amsawa da nasu fatan, a rayu, a daɗe, a ga jikoki. Lopeti ya dawo ya kama hannun matarsa.

"Kin yi shiru, amarya. Ba ki da abin cewa?"

Kali ta dubi teburan, ta dubi mutanen garinta kaf, ta nemi wanda za ta taɓe wa baki ta rasa.

"Babu," in ji ta. "Yau kowa ya yi min daidai. Allah ya bar mu tare."

"Amin," in ji shi, fili gaba ɗaya ya amsa.